Rabin Fuska

Babu wanda ya koya mini.
A bayan kwalin sabulu na fara,
a shagon babana da ke Herwagana,
da guntun fensirin da ake rubuta bashi.
Fuskar wani mai taurin bashi na soma zanawa,
na kuwa sha mari,
domin Malam Bappah na leƙowa ya gane kansa.

Shekara tara ina ɓata takarda
kafin in gane fuska ba ta da layi.
Ɗauki madubi ka dubi hancinka. Ina layin?
Inuwa ce ta kwanta a gefe guda,
haske ya tsuguna a ɗaya gefen,
inda suka gaisa, nan hanci yake.

Nakan juya hoto kai ƙasa kafin in fara,
don ido maƙaryaci ne in ya ga abin da ya sani.
In na ce wannan ido ne, idon kowa zan zana.
In na ce wannan wani duhu ne mai siffar ƙwayar kabewa,
sai mai idon ya fito da kansa.

Fensir mai tauri na fata ne,
mai taushi na gira da ramin hanci.
Auduga a kan tsinken ashana, in yi ta murzawa
har kumatu su daina kama da takarda.
Kilina kuwa da reza nake fere ta,
da tsininta nake fitar da furfura ɗaya bayan ɗaya.
Ɗigon hasken nan na ƙwayar ido
ban taɓa zana shi ba.
Farar takarda ce na kewaye, na bar ta.

Wata Laraba Hammadu, direban layin Dukku,
ya kwance leda, ya kwance wata ledar,
ya ajiye tsohon lasisin tuƙin mahaifinsa.
Ruwan da ya ci ɗakinsu a bakin kwari
ya lashe rabin fuskar.
Ido ɗaya, tsaga uku a kunci, rabin hula.
"Iyakar abin da ya rage ke nan. Nawa?"

Na ce zauna tukuna, ga shayi.
Yana ba ni labarin tsadar taya da ramukan hanya,
ni kuwa ina satar muƙamuƙinsa,
da yadda girarsa ta hagu ke tashi in zai yi ƙorafi,
da kunnensa.

Dare huɗu, biyu babu wuta.
Fitilar caji a kan gwangwanin madara,
gefen hannuna baƙi ƙirin kamar na mai gawayi.
Maƙwabcina ya leƙo, ya yi tsaki, ya ce in ji tsoro.
Na ce ban hura wa kowa rai ba,
inuwa kawai nake tarawa.

Hammadu ya karɓa bai ce uffan ba,
ya biya har da ƙari, ya manta makullinsa a benci.

Bayan mako ya dawo.
Ya ce tsohuwa ta goge hannu a zani kafin ta taɓa,
ta daɗe tana kallo, tuwo na ƙonewa.
Ta ce goshin nasa ne, tsagar tasa ce,
har murmushin da yake dannewa in ya yi laifi.
"Amma kunnen hagun nan naka ne, Hammadu.
Na babanka ƙofar mota ta gutsure shi tun kafin a haife ka."

Na miƙa hannu ga reza da kilina.
Na ce kawo, aikin minti goma ne.

Ya girgiza kai.
Ta ce a bar shi haka.
Ta riga ta sa an buga ƙusa a saman gadonta,
wai ƙusa ɗaya ta ɗauke mata mutum biyu.